Hannun da Ƙaltume Ta Gani a Talabijin

A shekarar 1990, da aka kwashi sojojin Gana zuwa Laberiya don raba faɗa, Issah ɗan Mma Ƙaltume na cikinsu. Direba ne a soja, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ita kuwa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi a unguwar Maamobi, tun kafin mijinta ya rasu. Ba ta san inda Laberiya take ba. An dai ce mata jirgin ruwa suka shiga daga Tema.

Da can ba ta damu da talabijin ba. Amma tun da Issah ya tafi, da ta idar da sallar magariba sai ta ɗauki kujerarta ta nufi ƙofar Salimatu, maƙwabciyarta a gidan haya, wadda ke da ƙaramin talabijin marar launi. Ƙaltume ba ta jin Turanci. Hotunan take bi da ido, Salimatu na faɗa mata abin da ta tsinta.

Wata ranar Talata aka nuno tashar jirgin ruwa, hayaƙi na tashi. Sojoji biyu suka wuce a guje, ɗauke da wani a shimfiɗar masu rauni. Fuskarsa ta juya gefe, hannunsa na reto, wani abu na ƙyalli a yatsansa. Kafin ta gyara zama an koma kan mai karanta labarai.

"Salimatu," ta ce, "Issah ne."

"Haba Mma, ko fuska ba a nuna ba."

"Zoben azurfar babansa ne a hannun. Ni na sa masa."

Gidan ya rabu biyu. Wasu suka ce mutumin ya fi Issah tsawo, wasu suka ce ai kwance mutum yakan ƙara tsawo. Wata ta rantse ta ga kunnensa. Babu yadda za a dawo da hoton, har wani ya tuna da Wasiu, mai gidan bidiyo a unguwar Nima. Wasiu yakan naɗi labaran yaƙin a kaset ya nuna kafin fim, don samari sun fi son na gaske.

Washegari da hantsi Ƙaltume ta bar wa Salimatu kaskon ƙosai ta tsallaka Nima. Gidan bidiyon rumfar kwano ce mai bencuna, an toshe tagogi da buhu, ciki na warin gumin jiya. Wasiu Bayarabe ne haifaffen Zongo, Hausarsa irin ta unguwa, kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji.

"Mma, ka zauna nan. Zan tsayar da shi, ka duba da kyau."

Ya tsayar. Hoton ya hau rawa, farin layi ya ratsa daidai wuyan mutumin. Ƙaltume ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, sai komai ya koma ɗigo-ɗigo. Ta ja baya. A kallon farko ta ce ƙila ba shi ba ne. Wasiu ya mayar baya ya sake. A kallo na gaba ta ga kafaɗar ta yi kama. Kafin azahar ta riga ta ga goshinsa, ta ga tabon da ya samu a gwiwar hannu yana yaro, ko da yake Wasiu ya ce shi inuwa kawai yake gani a wurin.

Ƙanenta Mas'udu, mai gyaran keken ɗinki, ya ɗauke ta a tiro-tiro, motar haya, zuwa bariki. Wani jami'i ya karɓe su da mutunci, ya bincika, ya ce babu sunan Issah cikin waɗanda suka ji rauni ko suka mutu, kuma da wani abu ya faru da an aiko gida.

"Kin ji ko, Yaya?" in ji Mas'udu a hanya. "Sai ki kwantar da hankalinki."

"Shi bakinsa ya faɗa. Ni idona ya gani."

Ta ci gaba da zuwa wurin Wasiu kullum. Ta daina ɗanɗana kokonta kafin ta fitar, masu saye suka fara cewa ya yi tsami. In ta rufe ido a sallah, hannun nan ne ke reto a gabanta, sai ta manta raka'ar da take. Labari kuwa ya zaga daga Maamobi har Kanda: an nuna gawar Issah a talabijin. Mata suka fara shigowa da mayafi, su durƙusa su ce, "Mma, ya haƙuri?" Da farko tana cewa ba a tabbatar ba. Daga baya sai ta riƙa amsawa, "Haƙuri sai ma'abocinsa," tana share hawaye. Har wurin limamin unguwa ta je a kan a yi addu'ar mamaci. Ya ce ba zai yi wa wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, amma zai roƙa masa tsari.

Ran Juma'a Mas'udu ya bi ta Nima, ya ga allon da Wasiu ke rubuta sunan fim. An rubuta da alli cewa yau za a nuna ɗan Maamobi da aka harbe a Laberiya. Samari sun yi layi. Daga ciki ana jin shewa da tafi duk lokacin da bindiga ta tashi, kamar a fim ɗin faɗa. Mas'udu ya goge allon da hannun rigarsa ya ci kwalar Wasiu.

"Wa ya gaya maka an harbe shi?"

"Baba, ka sake ni! Ba ni na ce ba. Mma da kansa ya ce shi ne. Kowa na tambaya, me zan yi?"

Mas'udu ya sake shi ya juya ya tafi.

Ana haka aka ji cewa Tajudeen, wani soja ɗan Kanda, ya dawo daga Laberiya da karaya a ƙafa. Mas'udu ya je ya roƙe shi, Tajudeen ya zo yana dogara sanduna biyu har ɗakin Ƙaltume. Ya ce ya bar Issah lafiya, yana tuƙa tankar ruwa a tashar jirgi, har ya yi ƙiba.

Ta dube shi. "Yaushe ka bar shi?"

"Makon jiya, Mma."

"Ko dai sun ce ka ɓoye mini?"

Ba ta yarda ba sai da ta sa aka kai shi gaban kaset ɗin. Tajudeen ya kalla sau ɗaya ya girgiza kai.

"Wannan ba namu ba ne. Dubi hular masu ɗauke da shi, sojan wata ƙasa ne. Abin hannun ma agogo ne, ba zobe ba."

Ƙaltume ta sa aka mayar. Yanzu kam agogo take gani, har da maɗaurinsa. Ta zauna a benci. Can ta tambaya ko wancan yaron ya rayu. Tajudeen ya ce bai sani ba.

Ta koma kan sana'arta, amma unguwa ba ta gama yarda ba. Da Issah ya sauka daga mota bayan watanni, ranar da aka ba su hutu, wata mai sayar da lemo ta saki farantinta ta kurma ihu. Wani tsoho ya riƙe hannunsa yana juyawa, yana cewa ai shi da idonsa ya ga gawarsa. Issah ya yi dariya, bai gane zancen ba sai da Mas'udu ya zaunar da shi.

Da la'asar Ƙaltume ta zuba masa tuwo da miyar ayoyo, ta zauna tana kallonsa yana ci. Ya rame, ba ƙibar da Tajudeen ya faɗa. Da wani yaro ya buga ƙofar kwano a tsakar gida, sai da lomar ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗauko wata.

"Shi ke nan kun gama ko?" ta tambaye shi.

Bai ɗago kai ba. "Mma, hutu ne kawai. Bayan Sallah za mu koma."

Ta tura masa kwanon ruwa kusa, ta ce ya ci a hankali.