Zaren Awon Kankana

"Tsaya! Wuƙarka ta kauce wa cibiya!"

Haliru mai kankana ya tsaya cak. Mutumin da likita ya hana ko da doguwar magana, ga shi ya ɗago kai daga filo yana ba da umarni.

Shekara goma sha tara ke nan Malam Yari, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya daga Bungudu, yana maƙwabtaka da Haliru a Sabon Gari, kuma bai taɓa yarda cewa Haliru ya raba kankana daidai ba. Kullum sai ya zauna a bencin rumfa, ya zaro zare daga aljihu ya auna. Idan wuƙa ba ta ratsa cibiya ba, in ji shi, ba rabi aka yi ba, hula aka cire mata. A gaban masu saye yake faɗa! Haliru yakan yi dariya, amma abin yana cin sa. Sau ɗaya tak yake so tsohon nan ya ce "daidai".

Shi ya sa da Inna Sa'adatu, matar Malam, ta ce jiki ya yi tsanani, Haliru ya zaɓo wata kankana mulmulalliya kamar ƙwallo ya shigo da ita har ɗaki.

"Malam, wagga hwa ba ta da karkata."

"Laihin hannunka na. Naɗa mata zare inda ta hi ƙiba. Nan babbar da'ira take. Bi ta."

Haliru ya bi zaren yana gumi, kankana ta dare. Malam ya auna daga cibiya zuwa ɓawo, radiyos ke nan, ya auna baki zuwa baki, dayamita.

"Mutum na jinya kuna awon kankana!" in ji Inna.

Malam ya lumshe ido. "Saura kaɗan. Gobe ka sake."

Kafin la'asar ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Inna ta miƙa wa Haliru zaren.

"Tun shekara ta biyu kake rabawa daidai. Cewa ya yi in ya hwaɗa maka, mi zai sake kai shi rumhwarka?"

Haliru ya yi dariya har hawaye suka zubo masa.

Da aka share makoki ya buɗe rumfa. Ya yanka kankanar farko, ya ɗora ɓari biyun a kan benci, ya ajiye zaren a tsakaninsu.