Ba a Shafa Inda Ƙwallo Ta Buga

Ƙwallon ta daki wani ɗan dutse, ta yi tsalle ta sami Don Fulgencio a gefen kai, sama da kunnen hagu kaɗan. Doña Ludovina tana bayan shingen waya na filin wasa tana soya ayabar sayarwa, amma har can ta ji ƙarar, kamar an fasa kwakwa. Tsohon ya durƙusa kan gwiwa ɗaya, hularsa ta faɗi. Samarin da yake koya wa wasa suka yo kansa a guje.

"Kowa ya koma wurinsa!" in ji shi. "Biki ake yi a nan?"

Ya ɗauki hular ya miƙe. Hannunsa ya taso zai kai wurin, sai ya fasa, ya cusa shi a aljihu. Mazan da ke zaune a inuwa suka ɗauki tafi.

"Kun gani ko?" Chepe mai aski ya ɗaga murya. "Ko shafawa bai yi ba! Yara, ku buɗe ido ku ga ɗan wasa!"

A garin San Pedro abin kunya ne ɗan besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, ya shafa inda ƙwallo ta buge shi, kuma Don Fulgencio ne ya fi kowa riƙo da wannan shirmen. Ƙuruciyarsa duk a tsaron cikin fili ta ƙare, tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ke zuwa da zafinta. Ya je Amurka ya sha wuyar ƙananan ƙungiyoyi, ya ɗanɗana babbar gasa kaka ɗaya, gwiwa ta maido shi gida ya zama koci. Babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannunsa. Yau ma shi da furfurarsa ya shiga nuna wa yara yadda ake tare ƙwallo da ƙirji.

Ludovina ba ta yi tafi ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa, kuma tun rasuwar matarsa Casilda ita ke kai masa abincin rana. Ƙanenta ma haka ya faɗo daga acaɓa, ya tashi yana dariya, ya ci abinci, ya ce bari ya ɗan kwanta, bai sake tashi ba. Tun daga lokacin ba ta yarda da namijin da ya bugu a ka ya ce lafiyarsa ƙalau.

Da rana ta kai masa shinkafa da wake. Ta tarar da shi a baranda kan kujerarsa mai lilo, shi da Chepe suna buga domino, wasan jera ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo.

"Maƙwabci, tashi mu je asibiti a duba kan nan."

"Maƙwabciya, kan nan ya sha abin da ya fi wannan tun kina goye."

"Tun ina goye? Ka ji tsohon maƙaryaci, da shekara nawa ka girme ni? Tashi, na ce."

"Da la'asar Bature zai zo daga ƙungiya ya duba yarana," in ji shi. "Shekara guda ina lallaɓa shi. In ya zo ya tarar koci na kwance likita na leƙa masa ido da tocila, wa zai ɗauki yaron da rago ya horar? In ya tafi, ki kai ni ko wurin likitan dabbobi ne."

"Ki bar shi, Doña," in ji Chepe. "Kurɓi ɗaya na giyar rake, ya warke."

"Kai kuma aski ka iya, shi ma sai ka yanke wa mutum kunne."

Suka yi dariya su biyun. Ita kuwa tsayawa ta yi tana kallonsa. Cokali biyu ya yi ya ture kwanon. Can ya tashi ya zaga bayan gida, ta ji yana kelaya amai, ya dawo yana goge baki yana cewa waken ne ya yi yaji. Babu ko ƙwayar barkono a waken. Da ya zauna sai ya ajiye ƙwayar domino inda ba gurbinta ba, mutumin da ke sanin abin da ke hannun kowa tun ba a raba wasa biyu ba. Chepe ya dube shi, ya dubi ƙwayar, ya gyara masa ita shiru.

Ta matsa kusa, ta ga baƙin idonsa na hagu ya fi na dama girma.

"Fulgencio, don girman Allah. Na roƙe ka."

"Casilda, kin cika mita," ya ce a hankali. "Rage ƙarar rediyon nan."

Babu rediyon da ke kunne. Chepe ya daina murmushi, amma taurin kan maza ba ya sauka lokaci ɗaya.

"Gajiya ce," in ji shi. "Rana ya sha. Ya ɗan runtsa kafin Baturen ya iso."

"Ba zai runtsa ba!" Ta janyo kujera ta zauna a gabansa. "Maƙwabci, ba ni labarin ranar da ka fitar da abokan hamayya biyu daga wasa a jifa ɗaya a Amurka."

Labarin da duk unguwa ta haddace ne, har mutane kan tsallaka titi in ya ɗauko shi. Fuskarsa ta ɗan washe.

"Sanyi ake yi ranar," ya ce. "Ƙwallon ta taho ta dama... na miƙa hannu... ta dama..."

"Sai aka yi yaya? Ina jinka."

"Ta taho," in ji shi. Harshensa ya yi nauyi. Kansa ya kwanta a kafaɗa, ya fara wani irin minshari mai ja, irin wanda ta taɓa ji sau ɗaya a ɗakin ƙanenta.

"Kin gani, barci ne," in ji Chepe.

"Mota, Chepe! Nemo mota, Allah ya isa tsakanina da tafinku!"

Mai askin ya zura da gudu, takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba. Ludovina ta tallafi kan tsohon ta jingina a ƙirjinta, tana kiran sunansa, tana kiran Uwar Yesu, tana zaginsa. Minsharin ya riƙa yin nisa da juna. Ta jira na gaba. Ta daɗe tana jira, bai sake numfashi ba.

Motar hayar ta tsaya a ƙofar gida da ƙura a bayanta. Direban ya danna oda, ya leƙo ta taga.

"Ina marar lafiyar? Ku yi sauri, mu je!"

Chepe ya fito daga motar, ya hango fuskar Ludovina, ya tsaya cak a bakin baranda da ƙafa ɗaya ba takalmi. Direban ya sake danna oda, sannan shi ma ya gani. Ya kashe injin, ya cire hularsa. Ƙofar bayan motar tana nan a buɗe, yadda Chepe ya bar ta don a shigar da koci.