Abin da Aka Rubuta a Kan Shagon Abarshi

Ni ban iya karatu ba, kuma abin bai taɓa damuna ba sai ranar da littafin nan ya shigo gidana. Malama Muslimat, mai koyar da matan unguwarmu, ita ta karanta mini shi, ita ce kuma ke riƙe da biro yanzu. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta gyara mini komai.

Ɗana ɗan dambe ne. Shi ne ɗan farina, don haka tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka raine mu a Damari, kafin 'yan bindiga su kore mu mu dawo cikin Birnin Gwari. Duniya ta san shi da Shagon Abarshi, don Abarshi ne ya fara ɗaure masa hannu, shi ya koya masa tsayuwa a fage. Ya yi dambe daga Funtuwa har Legas. Shekara uku ke nan aka tsinci gawarsa a bakin daji, harsashi biyu a ƙirji.

Bara wani Tasi'u ya zo daga Kaduna, wai mai rubuta labarin wasanni. Ya zauna a tabarmata, ya ajiye waya tsakaninmu.

"Mama, wane irin mutum ne ɗanki?"

Na kawar da kai. Na ce, "Je ka tambayi mutane."

Wace uwa ce za ta zauna gaban baƙon namiji tana yabon ɗan fari? Ya sake tambaya, na sake kawar da kai. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya tafi.

Bayan wata bakwai littafin ya fito, tarihin 'yan dambe tara da suka rasu. Malama ta karanta mini wasanninsa, ina murmushi ni kaɗai. Da ta kai shafi na arba'in da bakwai sai ta tsaya, ta ce idonta na ciwo.

Na ce, "Idonki lafiyarsa ƙalau. Karanta."

Ta karanta. "Majiya mai tushe ta tabbatar mana cewa a ƙarshen rayuwarsa yana kai wa 'yan bindiga abinci da man fetur a babur, kuma ana kyautata zaton saɓani da su ne ya zama ajalinsa. Da muka tuntuɓi mahaifiyarsa, ta kawar da kai, ta ƙi ko ambaton sunansa."

Na sa ta maimaita sau uku. Wato kunyar da na yi wa ɗana shekara talatin da huɗu, ita aka ɗauka aka yi shaida a kansa.

A garin nan mutum nawa ke sayen littafi? Amma wani ya karanta shafin a waya ya tura, kafin Juma'a kowa ya ji. Mai shayin bakin tasha ya cire hoton ɗana daga jikin rumfarsa. Matarsa Nafisat, wadda ke suyar awara a ƙofar gida tana ciyar da marayu biyu, ta koma shiga da tirenta a cike. Wata rana da safe muka tarar an rubuta wani abu da gawayi a bangonmu. Na tambayi Nafisat me aka ce. Ta ce, "Gidan infoma." A Birnin Gwari wannan kalma ba zagi ba ce kawai, ana kashe mutum a kanta.

Na yafa mayafi na tafi mahauta wajen Abarshi. Na same shi yana datsa ƙashi, ya tsufa, hannun da ya yi dambe da shi ya kanannaɗe.

"Uwar Shago, ke ce da rana tsaka?"

"Ni ce. Kai ne majiya mai tushe?"

Ya ajiye gatari. "Ni ban ce infoma ba ne. Wallahi ban ce ba. Yaron ya tambaye ni, na faɗi abin da idona ya gani. Sau uku na gan shi ya nufi daji da buhu da jarka, ya ɗaura jan ƙyalle a madubin babur. Mai zuwa gona yana ɗaura jan ƙyalle?"

"Ka tambaye shi?"

"Na tambaye shi, ya ce in bar maganar."

"Ya ce ka bar magana yana raye, ka bari. Da ya mutu sai ka ɗauke ta ka miƙa wa baƙo. Tir da tsufanka, Abarshi. Shi da ya ɗauke ka uba!"

Ya ce a hankali, "To ke faɗa mini me ya kai shi."

Na juya na tafi.

Yanzu babu sauran abin ɓoyewa, kuma mai maganar ta ce in faɗa. 'Ya'yana biyu ne a duniya, shi da ƙanwarsa Bushira. Saura wata uku bikinta da Abdulfattah tela, wanda take so tun tana 'yar talla, 'yan bindiga suka ɗauke ta ita kaɗai a hanyar gona, ta je tsinkar tattasai. Ba wanda ya gani. Da suka kira wayar yayanta, ni ce na ce a rufe. Na san mutanenmu. Namiji in ya dawo daga daji ana zuwa yi masa barka, mace kuwa kallon cikinta ake yi. Muka ce ta tafi Zariya jinyar ƙanwata. Kwana talatin da huɗu.

Su suka ce ya kawo shinkafa da fetur, su suka ce ya ɗaura jan ƙyalle don kada yaransu su harbe shi a hanya. Zuwa na uku suka ce ya bar musu babur ɗin ya tafi da ita. Har sun sake ta, sai ogansu ya ƙura masa ido, ya ce, "Kai, ba kai ne Shago na cikin waya ba?" Suka hau ihu. Suna da wani ƙato a cikinsu mai ji da kansa, suka ce sai an gwada dambe. Aka kwance igiyar buhun shinkafar aka naɗe masa hannu. Ya ce wa Bushira ta yi gaba, zai same ta a rafi. Ba ta yi nisa ba, ta laɓe bayan wata ɗorawa.

Da ya faɗi da gangan, da yanzu yana nan. Har gobe ina jin haushinsa a kan wannan. A turmi na biyu ya kai ƙaton ƙasa, gaban yaransa, gaban ogansa. Bushira ta ce dariyar ta ɗauke lokaci guda, sai ta ji ƙara sau biyu.

Waɗanda suka yi masa wanka sun yanke igiyar daga hannunsa suka aiko mini, ba su san ma'anarta ba. Na ƙulle ta a bakin zane na hau motar Kaduna.

Na sami Tasi'u a wani shagon buga takardu, littattafan a jibge har rufi. Ya miƙe da fara'a, ya jawo mini kujera.

"Mama, sannu da hanya. Da kin aiko ai da na zo."

"Ka zo sau ɗaya ya ishe ni. Ka goge abin da ka rubuta."

"Mama, aikin nan da ƙa'idarsa. Ba a gyara tarihi don ran wani ya ɓaci. In akwai kuskure, sai an kawo shaidu biyu waɗanda suka gani da idonsu."

"Da za ka rubuta, shaidu nawa ka samu?"

Ya sosa ƙeya. "Ɗaya ne, amma babba ne, ubangidansa. Sannan ga shirun da kika yi."

"Kai ɗan wane gari ne? Uwarka tana kiran sunan yayanku?"

"Tana kira mana, Mama. Kowa da sunansa take kiransa."

"Shi ya sa."

Na kwance igiyar na ajiye masa a tebur. Na ce masa da ita aka same shi a hannu, ya taɓa ganin wanda ya je cinikin fetur da hannu a ɗaure? Ya ɗaga ta da bakin biro, ya duba, ya ajiye.

"Mama, igiya ba ta magana. Wa ya ga abin da ya faru? Ba ni suna."

Sunan yana kan harshena. Na haɗiye shi. Wani sunan ne ya fito.

"Ƙasimu," na ce. "Sunansa Ƙasimu. Ka ce na ƙi faɗa, to ga shi na faɗa. Ƙasimu bai taɓa cin amanar kowa ba. Rubuta!"

Duk shagon suka juyo. Ni kaina ban san haka sunan yake a bakina ba. Bai rubuta ba. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, uwa ba ta shaidar ɗanta.

Da na dawo na tarar da Bushira a gida, ta zo da 'yarta a goye. Auren nata ya yi kyau, mijinta bai san komai ba, uwar mijin har cewa take ta yi dacen suruka. Ta dubi bangon da Nafisat ta wanke, gawayin bai gama fita ba.

"Inna, shaida yake nema ko? Ga ni."

"Rufe mini baki."

"Yaya ya mutu a kaina, ana zaginsa a kaina, ni ina can ina cin tuwo."

"Ya mutu ne don ki ci tuwon. In kika buɗe baki, kin mai da mutuwarsa ta banza. Ban yafe ba in kika yi."

Na ɗauka ta ji. Ashe lambar Tasi'u na bayan littafin. Ta kira shi daga ɗakinta, ta gaya masa komai, da sharaɗi ɗaya: kada ya faɗi ko ita wace ce. Ya rantse mata. Ya kira Abarshi, shi kuma ya ce e, ya ga igiyar a hannun gawa, ɗaurin dambe ne. Shaidu biyu sun cika.

Ranar wata Laraba Malama Muslimat ta shigo da waya a hannu, ko sallama ba ta gama ba. Tasi'u ya fitar da gyara, da hotonsa da muryarsa. Ya nemi gafarar iyalan mamaci, ya ce za a cire shafin a bugu na gaba. Sannan ya ce, "Mun samu cikakken bayani daga wata ƙanwarsa, wadda ta shafe kwana talatin da huɗu a hannun 'yan bindiga, kuma mun sakaya sunanta don kare mutuncinta."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye.

Washegari mai shayi ya mai da hoton, har da sabon gilashi. Maza suka yi ta sallama a ƙofar gida suna ba da haƙuri, waɗanda suka daina gaishe ni har da su. Abarshi ya zo da cinyar rago, ya durƙusa yana kuka, ya ce zai haɗa dambe na kwana uku da sunan Shago. Awarar Nafisat ta ƙare kafin azahar.

Da la'asar mai babur ya sauke Bushira da jaka ɗaya. Babu goyo. Uwar mijin ta ce ta je gida ta huta sai an neme ta, yarinyar kuma a bar ta wajen dangin ubanta, in dai ubanta ne. An haifi yarinyar nan shekara ɗaya da rabi bayan biki, amma wa ke lissafi in ya samu abin faɗa? Na tambaye ta Abdulfattah fa. Ta ce yana zaune kan kekensa yana hawaye, bai ɗaga kai ba.

Na sa Malama ta kira mini Tasi'u.

"Mama! Kin ji gyaran ko? Alhamdu lillahi, gaskiya ta fito."

"An koro mini 'ya."

"Subhanallahi! Amma ai ban faɗi sunanta ba, Mama. Wallahi na kiyaye."

"Ƙanne nawa ka ji yana da su?"

Na maimaita masa.

"Na ce ƙanne nawa? Ka rubuta tarihin mutum tun daga haihuwa har kabari, ba ka san 'ya'yan uwarsa nawa ba ne?"

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Ban tambaya ba."

Yau kwana goma sha tara. Ba a neme ta ba. Tana ɗakina, ba ta fita ko ƙofar gida, in an kira sallah ta tashi, in an idar ta koma ta fuskanci bango. Jiya na ce mata da ta ji maganata. Ta ce, "Inna, an goge bangon ko ba a goge ba?" An goge. Maƙwabta ne ma suka kawo farar ƙasa suka shafe shi.

Ranar Litinin zan koma Kaduna, in taso Tasi'u gaba mu zo har gidan su Abdulfattah, ya tsaya gaban matar nan ya karɓo mini jikata, tunda bakinsa ne ake ji ba nawa ba. Malama ta tambaye ni, in ya ce a kawo abin da zai gyara a rubutun fa? Na ce mata ban sani ba. Wancan karon ƙarya ya rubuta, na san abin da zan ce ya goge. Wannan karon duk abin da ya faɗa gaskiya ne.