Kuɗin Ruwan Baba Ɗahiru

"Gazali, tahi banki ka hidda man ƙazantar watan ga," in ji Baba Ɗahiru. Ya turo mini katinsa bisa tabarma da yatsu biyu, don hannun ya daina ɗaguwa.

Ba zan ɓoye ba, sai da na leƙa ranar da ake ƙwallawa a tsakar gida na yi tsaki a zuci. Ni maƙwabci ne na gari, amma an fi samun kirkina bayan La'asar.

Ƙazanta yake kiran kuɗin ruwan da banki ke ɗora masa. Tun da gwiwa ta hana shi zaman kasuwar hatsi ya sayar da geronsa buhu arba'in ya kai kuɗin ajiya, wai su ne abincin tsufansa. Kowane ƙarshen wata yakan hau kabu-kabu daga unguwarmu Minanata ya je a faɗa masa abin da aka ƙara, ya cire shi daidai, ya miƙa wa wani a titi ba tare da neman lada ba. Har kuɗin babur ya zo ya fi ƙazantar yawa, bai fasa ba. Ajiyar kuwa tana zaune tana ramewa. Bara da muka lissafa, buhu takwas za ta saya. Bana ciwon ƙoda ya shigo ya ci nasa rabon.

"Malam, bari rana ta yi sanyi mana," in ji matarsa Iyatu, tana masa fifita.

"Ke Iyatu, mi kika so? In gamu da Ubangijina da riba cikin aljihu? Likkahwanina ma daga nan za a saye shi."

Na tashi na tafi. Layin bankin ya kai bakin ƙofa, ni da tumbina muka bi shi har gaban wata ma'aikaciya. Lubna aka rubuta a ƙirjinta. Na yi mata bayani, ta danna na'ura, ta ɗago.

"Baba, ai watan ga ba shi da ko kwabo."

"Kamar ƙaƙa?"

"Ya cire kuɗi ya wuce ƙa'ida. In aka yawaita cira cikin wata guda, ruwan ya faɗi ke nan."

Kuɗin magani ne aka yi ta cira, ni ma an aike ni. Na fito har da sauri, abin da rabona da yi tun ina saurayi. Ina ta shirya yadda zan faɗa masa: tsoho, kwanta da daɗi, dukiyarka fes take, ciwo ya wanke maka ita. Na san zai yi dariyar nan tasa mai haɗe da tari.

Da mai babur ya karyo kwanar layinmu sai na hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, takalma jere a bakin zaure. Wani ya fito da buta ya koma.

Na faɗa wa Iyatu yadda muka yi a banki ta bayan labule.

"Shina ta tambaya ko ka komo," ta ce. "Sai ni ce mai kana hanya."

Da yamma matan unguwa suka ɗora kunun masu zaman makoki. Geron kwano biyu ne, daga gidana aka aro shi.