Wayoyin da ke Cikin Kwali

Mai gadin otal ɗin ya buɗe ƙaramar ƙofa kawai, ya tsaya ya cika ta da ƙirjinsa. Onarabul ya gyara zaman hularsa ya faɗi ko shi wane ne, abin da ya manta rabon da ya yi da bakinsa. Mai gadi ya rusuna ya ce ai ba wanda bai san shi ba, amma an ba da umarni: ba shiga, ba fita, sai an gama zaɓe.

Shekara ashirin da huɗu ke nan yana riƙe da jam'iyya a yankin, goma sha shida daga ciki yana majalisa. Yau da ƙarfe biyu za a yi zaɓen fid da gwani, wakilai ɗari da saba'in ne za su yanke ko ya sake tsayawa takara ko ya koma gida ya zauna. Dukkansu suna cikin otal ɗin nan tun jiya. Wanda ya kwaso su kuwa sakatarensa ne, mutumin da ya shekara goma yana riƙe masa jaka, yanzu kuma kujerar yake so.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne dabarar tasa ce. Ana gobe zaɓe a kwashe wakilai, a kai su otal mai ƙofa ɗaya, a cika musu ciki, a karɓe wayoyinsu a zuba a kwali, kowace da sunan mai ita a manne. Kuma kada a kashe wayoyin, haka yake koyarwa. A bar abokin hamayya ya yi ta kira tana shiga, yana sa rai, har lokaci ya ƙure masa. Ya sha ba da labarin nan a falonsa ana dariya har da riƙe ciki. Sakatare ya fi kowa dariya, ashe karatu yake ɗauka.

Tun da gari ya waye Onarabul yake kiran wakilan, shi da ya fi kowa sanin abin da ake ciki. Bencinan ƙofar gidansa, inda mutane kan kwana layi don su gaishe shi, yau ko mai neman aiki ɗaya babu. Direba ma ya aiko cewa cikinsa ya ɓaci. Shi ya tuƙo kansa, sau biyu motar tana mutuwa a hanya.

Ya leƙa ɗakin gadi, sai ga kwalin a ƙarƙashin tebur, na sabulu, irin wanda yake sa a nemo.

Can sai ga sakatare ya fito, ya durƙusa har ƙasa daga bayan ƙofa, ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ban ƙara komai a kan abin da ka koya mini ba," in ji shi. Ya sa aka fito da benci, ya koma ciki.

Onarabul bai zauna ba. Kansa ya fara sarawa, ga kaɗaici ya danne shi irin wanda bai ji ba tun rasuwar matarsa. Ya yi ta latsa sunayen da ke wayarsa, duka na kansiloli ne da shugabannin mazaɓu da 'yan kwangila. Daga ƙarshe ya tsaya a kan na 'yarsa ta fari, wadda take aikin jinya. Ba maganar ƙuri'a zai yi mata ba. So yake ya ji an ce masa Baba, ya tambaye ta ko zai biyo asibiti ta auna masa jini.

Ya kira. Sai kwalin ya ɗauki ƙara.

A nan ya tuna. Shekara takwas da suka wuce shi ya sa sunanta cikin wakilai, don ya samu ƙuri'a ɗaya da ba mai iya saye. Bai tambaye ta ba a lokacin, bai kuma taɓa tambayar wa take zaɓa ba.

Mai gadi ya tono wayar daga cikin sauran ya ɗaga ta. A fuskarta sunan mai kira yana haske: Onarabul. Haka ta ajiye lambarsa.

"Da ƙafarta ta zo jiya, yallaɓai, ba a mota aka kwaso ta ba," in ji mai gadi. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo wata 'yar takarda a naɗe. "Ta ce lalle za ka zo, kuma ba ka sha maganinka ba. Ta ce ka sha, ka zauna a inuwa."

Ƙwayoyi biyu ne na hawan jini. Ya daɗe yana kallon su a tafin hannunsa.

Mai gadi ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce idan yallaɓai yana so, zai iya zagayawa ta wajen masu girki ya kira ta, minti biyu kawai, ba wanda zai sani. Onarabul ya san abin da minti biyu ke yi a ranar zaɓe. Ta ƙofar baya irin wannan ya ci nasa na farko. In ta koma ciki da saƙonsa, mata ashirin daga cikin wakilai za su iya juyowa gare shi.

"Ƙyale ta," ya ce. "Samo mini ruwa."

Ya haɗiye maganin, ya ja bencin zuwa gindin katanga, ya tattare babbar rigarsa ya zauna. Saura awa uku. A cikin kwali wata wayar ta fara ƙara, ba wanda ya kula ta.