Matar da Ke Cikin Labarin Idalmis

Ran Litinin ɗin, tun daga yadda Idalmis ta hau dandamali na san akwai magana. Sai gyara makirfo take yi alhali babu abin da ya same shi. Mu muna ƙasa layi-layi, kowa da tulin ganyen taba a gabansa, zauren kamfanin naɗin taba ya cika da ƙamshin ganye da zafin rufin kwano.

"Yau za mu fara sabon labari," in ji ta. "Na wata marubuciya ce 'yar Ajantina. Ba ku san ta ba."

"Allah ya sa dai akwai soyayya!" in ji Reinier, sarkin surutun layin baya. Aka kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Ni na riƙe yarinyar nan a coci ran da aka yi mata baftisma, shi ya sa take ce mini Madrina, kuma a ɗakina take kwana tun da ta bar gidan ubanta. 'Yar Ajantinar nan na san ta sarai, ko da safiyar nan sai da ta shanye mini kofi.

Aikin Idalmis karatu ne. Mu hannuwanmu na naɗin taba, ita tana karanta mana, jarida da safe, littafi bayan abincin rana, kamar yadda aka yi wa iyayenmu a wannan zauren na garinmu Camajuaní. In abu ya yi mana daɗi, mu buga bayan wuƙaƙenmu na yankan ganye a kan katako har zaure ya ɗauka. In bai yi ba, sai ta ji tari da hira sun taso. Amma ita burinta ta rubuta nata. Takarda ta yi wuya a garin, don haka a bayan tsofaffin takardun kwalayen taba take rubutu, a bakin ƙofa, da sassafe kafin zafi ya sauko. Layi ɗaya sai ya cinye mata safiya guda, ta karanta shi a fili tana kai-kawo, ta yaga, ta sake. Da can labaranta duk na matan attajirai ne a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, ita da ba ta taɓa wuce Habana, babban birninmu, ba. Ta aika gasar jiha, aka dawo mata da abinta. Ta taɓa karanta mini ɗaya, da ta gama ta ce, "Madrina, ya kika ji?" Na ce mata na ji barci mai daɗi. Kwana biyu ba ta kula ni ba.

Wannan karon ba wanda ya yi barci. Labarin wata tela ce mai suna Amparo, wadda mijinta mutumin kirki ne a waje, mai gyara wa maƙwabta famfo kyauta, amma duk Asabar in ya dawo da warin giyar rake sai gida ya zama wani abu dabam. Idalmis ta karanta yadda Amparo ke kai masa kofi, ta riƙe kofin da hannu biyu don kada ya yi ƙara a kan faranti, saboda ƙarar na ɓata masa rai. Ta karanta yadda maƙwabta ke ƙara sautin rediyo da zarar abin ya fara.

Hannuwa suka yi sanyi a zauren. Ban taɓa jin wurin ya yi tsit haka ba. Na saci kallon damana, inda Eulalia, uwar Idalmis, take zaune kusa da ni tun muna 'yan mata. Lala muke ce mata. Ba ta ɗaga kai ba, amma ganyen da ke hannunta ta yanke shi a karkace, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Can layin gaba kuwa ga mijinta, Dagoberto, gwanin naɗin da duk kamfanin ke alfahari da shi, ya karkata kai yana saurare kamar ana wa'azi.

* * *

"Kin haukace ne?" na ce mata da muka isa gida. "A gaban mutane ɗari? In ubanki ya gane, wa kike tsammanin zai sha wuyar? Ke ko uwarki?"

"Madrina, na yi masa magana, ya kore ni daga gida. Na yi mata magana, ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Ke kanki sau nawa kika je kika yi masa tas? Me ya canja?"

"To labari ne zai canja shi?"

"Ba ya katse mai karatu," ta ce a hankali. "Duk duniya nan ne kaɗai wurin da yake yin shiru ya ji magana har ƙarshe."

Gaskiya ta faɗa. Dagoberto ya taɓa kusan dukan wani sabon ma'aikaci don ya yi fito ana tsakiyar karatu. Tausayin Idalmis ya kama ni ƙwarai. Yarinya ta yi shekaru tana neman abin rubutawa a ƙasashen mutane, ashe yana nan kwance a ɗakin uwarta.

Washegari da jibi aka ci gaba. Da rana take karanta abin da ta rubuta da safe, tana leƙen hannuwanmu ta saman takarda. In sun tsaya, ta san layin ya shiga. In sun ci gaba da sauri, da yamma sai ta ce mini, "Wurin nan bai yi ba, na cika surutu." Lokacin cin abinci kuwa ba a hirar komai sai ta Amparo. Reinier ya ce ta zuba masa tafasasshen ruwa kawai kowa ya huta. Wata ta ce ai maƙwabtan ne manyan masu laifi, tana faɗa tana kallon cikin kwanon shinkafarta, don gidanta da na Lala katanga ɗaya ce. Kowa ya gane. Kowa! Amma ba wanda ya furta, sai dai a tura wa Lala soyayyar ayaba a ce ta ɗanɗana.

Ran Laraba Idalmis ta karanta wurin da ɗiyar Amparo ta ɓuya a ƙarƙashin keken ɗinki tana toshe kunnuwa. Da ta kai aya, wuƙar Dagoberto ce ta fara sauka a kan katako, sannan sauran suka bi. Da aka tashi ya nufo Idalmis. Na miƙe da wuƙata a hannu ban ma sani ba. Sai na ga idanunsa sun yi jajir da hawaye.

"Idalmis, matar nan ta iya rubutu," ya ce. "Kamar a gidanmu ta girma. Haka ubana ya yi wa uwata, haka ɗin nan, har da kofin. Ni ne nake ɓuya a ƙarƙashin gado. Mutumin nan ba mutum ba ne, dabba ne."

Idalmis ta ƙura masa ido. "Papi, ba ka ga kowa a ciki ba sai kaka?"

"Wa kuma zan gani?" Ya share fuska da bayan hannu. "Irin waɗannan ai sun ƙare. Yanzu in ɗan saɓani ya faru tsakanin miji da mata, hannu ya ɗan kuɓuce, ai wannan dabam ne." Ya juya ya kira matarsa. "Lala, ɗauko kwanona mu tafi."

Ta ɗauko. Ni kuwa na koma na zauna. Na tsani mutumin nan shekara da shekaru, amma ran nan har shi sai da na ji tausayi, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

* * *

Ran Alhamis Idalmis ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Ta ce wa zaure shafukan ƙarshe sun jiƙe, sai gobe, ta karanta mana labarin noman rake, aka yi ta yi mata tari. Da la'asar tana zaune a bakin ƙofa da farar takarda a cinya, sai ga Lala ta shigo da ƙullin baƙin wake, wai ta kawo mini. Ta zauna a gefen kujera kamar baƙuwa.

"Ita 'yar Ajantinar," ta ce, ba ta kalli kowa ba, "ta gama labarin kuwa?"

"Ba ta gama ba, Mami. Ta rasa yadda za ta ƙare shi."

"To ki ce mata kada ta kashe shi. Su Reinier ba su san komai ba. In ta kashe shi, Amparo ce za ta ƙare a kurkuku, kuma za ta yi ta kukansa." Ta murza bakin rigarta. "Ta saka ta a mota kawai. Da safe, ba da dare ba, ta ga hanya. Ta ba ta kujerar gefen taga. Kuma kada ta sa ta waiwaya."

Idalmis ta durƙusa a gabanta ta kama hannuwanta. "Mami, motar Matanzas tana tashi duk Asabar da safe. Ƙanwarki Zoila ta daɗe tana cewa ɗakin bayan gidanta naki ne. Ni zan raka ki. Madrina za ta haɗa miki kaya a nan, ba sai kin ɗauki komai daga gida ba."

"Na rantse ko tsinke ba sai kin ɗauka ba," na ce. "Lala, don Allah. Kin kusa sittin. Jira kike sai ya karya miki wuya?"

Lala ta zare hannuwanta a hankali ta shafa kan 'yarta. "Ki rubuta dai tukuna, mu ji yadda zai yi daɗi."

Ran Juma'a Idalmis ta karanta ƙarshen, kuma zan faɗa ko a gaban wa, ban taɓa jin abu mai kyau irinsa daga dandamalin nan ba, har da littattafan manyan da aka karanta mana. Babu ihu a ciki, babu jini. Amparo ta share gida, ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta fita. Ta zauna a mota, gonakin rake suna wucewa, iska na kaɗa mata gashi, wata mata ta miƙo mata ɓarin lemo, ta karɓa da hannu ɗaya. Mata suka yi ta sharar hawaye da gefen riga. Reinier ya miƙe tsaye ya ce, "Ki gaishe mana da 'yar Ajantina, ki ce mata mun gode!" Ya faɗa yana kallon Idalmis ido cikin ido. Lala kuwa ta ajiye aiki gaba ɗaya, ta rufe idanu, tana murmushi irin wanda rabona da ganinsa tun kafin aurenta.

Na ce a raina, shi ke nan, yarinya ta yi nasara.

* * *

Asabar da safe muna tasha, ni da Idalmis, da jaka a tsakaninmu: riguna biyu nawa, sabulu, da takalmin da ya yi mini kaɗan. Fasinjoji suna ta hawa da buhunan rogo da kaji. Direba ya kunna mota ya kashe, ya sake kunnawa. Idalmis ta hau ta ɗora jakar a kan kujera, ta sauko, ta sake hawa. Ta cinye farcenta tas.

"Ga ta can!" ta ce.

Lala ce kuwa, tana tahowa da sauri ta gefen kantin burodi, ta sa rigarta ta zuwa coci, har da ɗan jan baki. Idalmis ta ruga ta rungume ta. Ni tsohuwa sai ga ni ina tsalle kamar yarinya.

"Hau, Mami, hau, na kama miki wuri!"

Lala ta tsaya a bakin ƙofar motar. Ta leƙa ciki, ta kalli kujerun, ta kalli mutanen, ta shaƙi warin man fetur kamar turare. Har ta ɗora hannu a kan ƙarfen ƙofar. Sannan ta sauke shi.

"Na zo in ga irin motar ce," ta ce. "Jiya na yi ta ƙoƙarin ganinta a raina ban iya ba."

"Mami, don Allah..."

"Kin iya, 'yata. Na rantse kin iya. Ki aika wannan labarin zuwa gasar, ki sa sunanki a kai, ki bar 'yar Ajantinar nan ta huta." Ta gyara mata wuyan riga. "Ita dai Amparo ta tafi. Ba ki san yadda na ji daɗi ba."

"Ba don gasa na rubuta shi ba!" Idalmis ta fashe da kuka a tsakiyar tasha. "Don ke na rubuta!"

"Na sani. Na karɓa kuma."

Direba ya danna ƙaho, wani ya miƙo mana jakarmu ta taga, motar ta ja ta bar mu cikin hayaƙi.

Lala ta ciro hankici daga ƙirjinta ta goge jan bakin tsaf, ta duba hankicin, ta sake gogewa. Ta ce mana sai Litinin. Muna tsaye muna kallonta ta koma ta hanyar da ta fito, tana ɗan haɗawa da gudu, don ta isa ta ɗora ruwan kofi kafin Dagoberto ya farka.