Fuskar Abah Endang

Lokacin da Tatang Kosasih ya kafa Saung Hujan, kamfanin ƙera wasannin kwamfuta, ba su da komai sai ɗaki ɗaya a saman gidan surukarsa a Bandung, da tsofaffin kwamfutoci, da Wulan mai zane, wadda in ta zana fuska sai ka ga kamar za ta buɗe baki ta gaishe ka. Wasan da suke son ƙerawa sunansa Hanyar Gishiri. Mutum zai shiga rigar wani falke, ya bi jirgin ruwa daga tsibiri zuwa tsibiri, ya yi ciniki, ya yi faɗa, ya yi abokai, kuma abin da ya zaɓa shi ke juya labarin. Manyan kamfanoni suka saurare su, suka ba su shayi, suka raka su bakin ƙofa. Da abin ya ishe shi, sai Tatang ya zauna gaban kyamara ya roƙi jama'a su yi musu karo-karo.

"Ba mu da ubangida sai ku," in ji shi, hannunsa a ƙirji. "Duk wanda ya sa hannu, wasan nan nasa ne har abada."

Jama'a kuwa suka amsa fiye da yadda ya zata. Ya kuma yi alkawarin cewa wanda ya ba da da yawa zai iya kawo hoton wani nasa, a zana shi a cikin mutanen wasan.

A cikin waɗanda suka kawo akwai Imas, ma'aikaciyar jinya a Cimahi, wadda tun tana yarinya take bugun wasannin kwamfuta. Mahaifinta ta kawo, Abah Endang, wato Baba Endang, mai tsiren akuya a bakin tashar jirgin ƙasa. Tatang da Wulan suka hau babur suka je har rumfarsa. Tsohon ya tsaya gaban garwashi da mafici a hannu, ya ƙame kamar soja.

"'Yata, ki rage mini tumbin nan," ya ce wa Wulan. "Amma gashin baki, kada ki taɓa ko ƙwara ɗaya. Da shi aka san ni."

Suka ɗauki muryarsa yana faɗin abin da yake gaya wa kowane mai gaggawa: "Zauna mana, wutar ba ta gama da shi ba." Wulan ta kafa masa rumfa a cikin wasan, a tashar ruwan birni na uku, inda duk mai wasa dole ya biyo.

Aikin ya ja fiye da yadda aka faɗa. Shekaru suka yi ta wucewa, ma'aikata suka ƙaru, asusu ya yi ƙasa, birni na uku bai fito ba. A nan ne Belmora ta zo daga Singafo. Kamfani ne mai rumbun wasanni, mutum ya biya wata-wata ya buga abin da ya ga dama, ran da ya daina biya a rufe masa ƙofa. Suka ce za su sayi Saung Hujan ɗungurungum, su ƙarasa wasan, amma ba za a same shi ko'ina ba sai a rumbunsu. Tatang ya dubi ma'aikatansa, wasu da mata masu ciki, wasu da iyaye a asibiti, ya sa hannu. Ko Wulan ba ta ga laifinsa ba a kan wannan. Masu karo-karo suka yi ta ruwan zagi, suna yawo da tsohon bidiyonsa. Kamfani ya ba su shekara guda kyauta a rumbunsa, hayaniyar ta ɗan lafa.

Maganar fuskoki daga baya ta taso. Mista Quek, wanda Belmora ta ɗora a kansu, mutum ne mai laushin murya, bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba.

"Pak Tatang," in ji shi, da kiran girmamawa irin na can, "lauyoyinmu sun ce kowace fuskar gaske sai an sami sa hannun mai ita, ko na magadansa. Hanya biyu ce. Ko a ɗage fitowar wasan a bi su ɗaya bayan ɗaya, ko a cire su. Kai ne mai wasan, kai za ka zaɓa."

An riga an tsayar da ranar fitowar ta dace da babban taron kamfani a Jakarta, inda Tatang zai hau dandamali a gaban 'yan jarida. Har rigar da zai sa an auna masa. Ya ɗan yi shiru kamar mai nazari, alhali ya gama yanke shawara tun Quek bai rufe baki ba.

"A cire," in ji shi.

Wulan ta tare shi a bakin lif, ta kira shi Kang, wato yaya, kamar yadda aka saba. "Kang, wa zai gaya musu?"

"Ni zan gaya musu."

Abin da ya yi kuwa shi ne, a tsakiyar wata doguwar sanarwa mai cike da godiya ya cusa layi ɗaya, wai an daidaita kamannin wasu mutanen wasa don inganci. Ya karanta ya sake karantawa, ya tabbata ba wanda zai gane, sannan ya tura.

Wasan ya fito, aka yaba. Tatang ya hau dandamali aka tafa masa. Kwana kaɗan bayan haka wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Imas.

"Kang Tatang, ranar Lahadi Abah zai cika shekara saba'in. Mun yi hayar babbar talabijin, duk unguwa za ta zo ta gan shi a cikin wasa. Na buga har ƙofar tashar ruwan na tsaya, na hana kaina leƙawa, so nake mu gani tare. Abah ya ce in ba ka zo ba, ba mai taɓa shinkafar."

Maganar ta zo masa har bakin harshe. Ya ji dariyar yara a bayanta, ya ji muryar tsohon yana tambaya, "Shi ne? Ki ce ya zo da yunwarsa."

"Zan zo, Teh," in ji Tatang, da kiran da ake girmama 'yar'uwa da shi.

A kan babur ya yi ta tsara yadda zai ja ta gefe da isarsa. Amma da ya shiga lungun sai ya tarar an kafa rumfa ta toshe hanya, an jera kujerun roba, limamin unguwa na gaba, tsofaffin ma'aikatan tasha sun zo da rigunansu na fita. Abah Endang ya taso da kansa, gashin bakinsa ya sha baƙin rini, ya kama hannun Tatang ya ɗaga.

"Ga mutumin da ya sa ni a kwamfuta. Ku dube shi da kyau, ƙaramin jiki, babban kai."

Aka yi dariya, aka zaunar da shi kusa da liman. Da aka kawo shinkafar rawaya da aka tula kamar dutse, tsohon ya yanke tsininta, wadda ake ba babban baƙo, ya sa a farantin Tatang. Imas tana ta kaiwa da kawowa da tire. Sau biyu ta wuce ta gabansa, sau biyu ya ɗaga yatsa, ta ce, "Ƙarin shayi, Kang?" ya gyaɗa kai.

Bayan azahar aka kunna talabijin. Imas ta zauna a tabarma da abin bugawa a hannu, ta tura ƙofar birnin. Jiragen ruwa suka bayyana, da tsuntsaye, da hayaƙi yana tashi daga wata rumfa a ƙarshen gada. Mata suka fara guɗa ƙasa-ƙasa. Falken ya taka ya isa.

Wani saurayi ne a tsaye gaban garwashin, mai faɗin ƙirji, haɓarsa sumul, gashinsa na sheƙi. Ya yi murmushi ya ce da wata murya irin ta masu talla, "Barka da zuwa, matafiyi."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareto.

"Ko ba rumfar ba ce?" in ji wani daga baya.

Imas ta juya falken, ta zaga tashar daga wannan kai zuwa wancan, ta leƙa bayan kwale-kwale, ta dawo. Rumfar tsire ɗaya ce. Ta ajiye abin bugawar a cinya, ta waiwayo. Kowa ya waiwayo tare da ita.

Idanu suka taru a kan Tatang. "Kamfani ne," ya fara, muryarsa ta fito siririya. "Akwai wasu ƙa'idoji na lauyoyi…" Bai iya ƙarasawa ba.

Abah Endang ya daɗe yana kallon saurayin. Can ya buga cinyarsa.

"Imas, kin ga yadda nake kafin na auri uwarki. Ita ta mai da ni haka."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Wata tsohuwa ta ce ƙarya yake, ita ta san shi tun yana yaro, da tumbinsa aka haife shi. Liman ya ce a kashe abin nan a yi addu'a. Tsohon ya tashi ya koma wajen garwashi, ko da yake an hana shi aiki ranar, ya yi ta fifita ba tare da ya dubi kowa ba. Da tsiren ya nuna, ya kawo da kansa ya zuba wa Tatang.

"Ci, ɗana. Ka rame."

Tatang ya ɗauka ya ci. Da tsohon ya zage shi a gaban jama'a da ya fi masa sauƙi.

Yana kwance hular kwano daga jikin babur Imas ta fito. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kang, tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin azumi."

"Da na kira ka, ka sani."

"An sa a sanarwa, Teh," in ji shi, kuma kafin ya rufe baki ya so ƙasa ta tsage.

"Na karanta. Na zaci hanci za ku gyara wa wani." Ta goge hannunta da gefen zani. "Ya rufe rumfa ya bi abokansa gida-gida yana gayyata. Jiya ya hana kowa barci da maganar rigar da zai sa. Da ka faɗa mini a waya, da na ce masa talabijin ta lalace, shi ke nan." Ta ɗan tsaya. "Ka gaida Teh Wulan."

Ranar Litinin ya shiga ofishin Quek ya roƙi a mayar da fuska ɗaya tak. Quek ya saurare shi da tausayi, ya ce ba ta cikin tsarin bana, amma wataƙila baɗi a kafa wani dutse a cikin wasan a rubuta sunayen masu karo-karo. Sannan ya tuna masa, cikin ladabi, wanda ya zaɓa.

Wulan ce ta gaya masa cewa tsohon wasan, kafin a taɓa shi, yana nan a wata kwamfuta a ɗakin saman gidan surukarsa. Nuna wa wani na waje saɓa wa yarjejeniyar kamfani ne. Tatang ya kwana biyu yana juyayi, sannan ya ɗauke ta a jaka ya nufi Cimahi da la'asar.

Ya ɗora ta a bencin rumfar. Imas ta zo daga asibiti da fararen kayanta, ta tsaya nesa kaɗan, hannuwa a harɗe. Falken ya taka gada, hayaƙi ya yaye, sai ga tsoho mai gashin baki yana fifita wuta. "Zauna mana, wutar ba ta gama da shi ba."

Abah Endang ya sa tabarau, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ƙwala wa mai facin taya kira, da mai sayar da kati, suka zo suka gani.

"Yarinyar nan ba ta rage tumbin ba," in ji shi, yana share ido da bayan hannu, wai hayaƙi ne. Sannan ya rufe kwamfutar ya tura wa Tatang. "Tafi da abinka, na gani. Kada su kore ka saboda mai tsire."

Imas ta raka shi wajen babur. "Na gode," ta ce. "Sauran fa? Muna magana da su a intanet. Akwai wani a Makassar, matarsa ce ya sa. Ta rasu bara. Har yanzu yana zaga birni na huɗu yana nemanta, ya zaci shi ne bai iya wasan ba."

Tatang ya gyara jakar a kafaɗa, ya hau babur.

Bayan babbar Sallah Wulan ta bar aiki. Tatang yana nan a Belmora, suna shirya kashi na biyu na wasan. Idan aka tashi cin abincin rana yakan sauka matakalar baya, inda ba kowa, ya kira ɗaya daga cikin mutanen da aka cire fuskokin da suka kawo, ya gaya masa gaskiya. Wasu kan kashe wayar da jin sunansa. Mutumin Makassar ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaya ko zanen yana nan. Wulan ta buga shi a takarda mai kauri ta aika masa. Akwai da yawa da bai kira ba tukuna, wasu ranakun ma yakan zauna a matakalar da wayar a hannu har lokaci ya ƙare, ya tashi ya koma sama.